Tsawon ƙaho ba shi ne shekaru ba: yadda muke gane tsohon gwanki a daji

Wani ɗan'uwa ya tambaye ni, ya ce yana ganin hotunan Turawan nan masu biyan kuɗi su zo Afirka farautar lasisi, suna cewa wai tsofaffin maza kaɗai suke harbi don kar dabbobin su ƙare. To shi abin da ya ɗaure masa kai, ta yaya mutum zai tsaya daga nesa ya san shekarun gwanki ko kanki, zobban ƙaho ake ƙirgawa ne, ko kuwa duk wanda ya fi dogon ƙaho shi ne tsoho?

To ɗan'uwa, ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Na yi shekaru ina aikin jagorantar mafarauta a arewacin Kamaru, a gandayen farautar da ke kewaye da dazukan Benuwe da Faro da Buba Njida, inda har yanzu akwai gwanki da kanki da gwambaza da maraya da ɓauna, da kuma wannan ƙaton da Fulani ke ce wa yamusa, Turawa su ce masa iland, wanda babban namijinsa kan doshi kilo 900. Kuma amsar farko da zan ba ka ita ce a'a, mai dogon ƙaho ba shi ne tsoho ba, sau da yawa ma shi ne wanda bai kamata a taɓa ba sam.

Ƙahon waɗannan dabbobin irin na sa ne da rago, ƙashi ne a ciki sai kube a waje, ba ya faɗuwa ya sake tsirowa, kuma daga gindi yake girma ba daga tsini ba. Yawancin tsawon a shekarun farko ake yinsa, shekara uku zuwa huɗu ya yi nisa sosai, daga nan girman sai ya riƙa ja baya, shi kuwa tsinin kullum cikin aiki yake, a kara da abokin faɗa, a goga a itace, a tona ƙasa. To akwai lokacin da abin da ke cinyewa a sama ya fi abin da ke ƙaruwa a ƙasa, daga nan ƙahon ya fara gajarta ke nan. Ka ga ashe lokacin da ƙaho ya fi tsawo da tsini da kyan gani shi ne lokacin da namijin ke kan ganiyarsa, yana riƙe da garke yana barbara. In ka harbe shi a lokacin ka cire bijimin garke ne. Ba makiyayin da zai kai bijimin da ke ba shi 'yan maruƙa masu kyau kara ya bar ragowar, sai dai in ya tsufa an samu magaji.

Kuma wannan ba zancen baki ba ne, an gani a ƙasa. A wani dutse da ake kira Ram a Alberta ta Kanada an bi tumakin daji masu manyan ƙahoni wajen shekara 30, sakamakon ya fito a 2003, aka ga ƙahonin raguna na ta ƙanƙancewa saboda ana ta harbe masu saurin girman ƙaho tun ba su baza irinsu ba. A nan Afirka ma, a gandun Matetsi na Zimbabwe, an duba ƙahonin da aka harba daga 1974 zuwa 2008, na baƙin gwankin nan na kudu da suke kira sebul ya ragu da kashi 6 cikin 100, na wata irin barewa da ake kira imfala ya ragu da kashi 4. Mu dai mun san barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to haka ma in kullum mai kyan ake cirewa, ƙananan ƙaho ne za su haifi na gobe. Wani ɓangare na laifin yana kan littattafan rikodin manyan ƙahoni, irin na Rowland Ward da ya faro tun 1892, domin tef ɗin awo inci yake ƙirgawa, bai san shekaru ba, mafarauci kuwa so yake sunansa ya shiga littafi. Shi ya sa ƙungiyar ƙwararrun mafarauta ta Namibiya ta koma wani tsarin awo da ke ƙara wa tsohon da ya wuce ganiyarsa maki, ya hana wanda bai balaga ba. A ganina wannan shi ne gyara mafi ma'ana da aka yi a wannan harkar.

Zancen ƙirga zobba kuwa, na san inda ka samo shi, makiyaya kan duba zobban ƙahon saniya su faɗi haihuwa nawa ta yi, kuma a ƙasashen sanyi tumakin dutse na yin layi ɗaya duk shekara wanda ake iya ƙirgawa. Amma zobban gwanki ko gwambaza ba na shekara ba ne, za ka ga zobe ashirin ko fiye a kan dabbar da ba ta kai shekara goma ba. Abin da muke dubawa ba yawansu ba ne, tazararsu ce a gindin ƙaho. Na saurayi zobban a warwatse suke har ƙasa, gindin kuma da ɗan laushi, launinsa fari-fari ko ja-ja, yana ɓarewa kamar ɓawon rogo, gashi na hawa kansa. Da ya fara manyanta girman ya ragu sai zobban su fara matsuwa, su cushe waje ɗaya kamar an tara awarwaro a hannu, in ya tsufa sosai har wani kauri yake yi a gindin, santimita kaɗan da ba zobe sosai sai ƙananan layuka a manne. Wannan kaurin in ka gan shi ta madubin hangen nesa to hankalinka ya fara kwanciya. Sai ka ɗaga ido zuwa sama, tsini ya dakushe ko ya karye, zobban gaba sun shafe sun yi sulɓi saboda goga, kamar taɓaryar da ta daɗe a hannu.

Amma ni gaskiya ba da ƙaho nake farawa ba, kuma duk yaron da na koya wa aiki nakan ce masa ya rufe ƙahon da yatsa ya kalli jiki tukuna, don ƙaho na ruɗar ido. Saurayi doguwar ƙafa gare shi, siririn wuya, ciki a ɗame, fuska siririya, fata na sheƙi, ga rawar kai. Magidanci wuyansa ya cika ya haɗe da kafaɗa, ƙirji ya faɗaɗa har ƙafafun su yi kamar sun gajarta, yana tafiya da isa. Tsoho kuwa wuyan na nan da kauri amma baya ya fara zubewa, ƙashin ƙugu ya fito, gadon baya ya ɗan lotsa, ciki ya sauko, kwarmin saman ido ya zurma, gashi ya dushe, kunnuwa sun yayyage, tabo ko'ina a wuya da kafaɗa. Gwanki da kanki a durƙushe suke faɗa, kan gwiwoyin gaba, don haka tsohon da ya sha karo za ka ga gwiwarsa ta yi kanta ba gashi, kamar goshin mai yawan sallah. Baƙi da farin nan na fuskar gwanki ma, na magidanci rangaɗau yake kamar an zana, na tsoho sai furfura ta shiga baƙin ya yi toka-toka.

Sannan hali. Gwanki garke yake yi na mata da 'ya'ya da namiji babba guda ɗaya, in ɗan namiji ya kai shekara biyu zuwa uku uban garke ya kore shi, ya je ya shiga cikin tuzurai, sai ya kai wajen biyar ko shida kafin ya iya ƙwatar garken kansa, ya riƙe na wasu shekaru, wani ya zo ya ture shi, daga nan ya koma yawo shi kaɗai. To wanda ke cikin mata, komai kyan ƙahonsa, mu a wajenmu haramun ne. Amma a nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami, suna ɗauka duk na kaɗaici tsoho ne. Ba haka ba ne wallahi. Saurayin da aka kora jiya ma shi kaɗai yake yawo. Namijin gwambaza kuma da na maraya fili suke kamawa su tsare, za ka same shi tsaye shi kaɗai a bakin fadama ka ce gwauro ne, alhali shi ne mai unguwar, matan ne ke zuwa wajensa. Gwambaza daga wajen shekara shida zuwa tara yake kan ƙarfinsa, to kaɗaicinsa a wannan lokacin na mulki ne ba na tsufa ba. Haka rama, a watan Maris da Afrilu ciyawa ta ƙare kowa ya rame, in ba ka yi hankali ba ka ɗauki yunwa ko ciwo a matsayin tsufa. Shi ya sa alama ɗaya ba ta isa, sai uku ko huɗu sun haɗu sun yi magana ɗaya.

Bari in ba ka wani abu da ya faru a gabana. Wata safiya cikin Fabrairu, hazo ya rufe gari, mun bi sawu zuwa wani wuri da aka ƙone ciyawa ta fara toho, sai ga garken gwanki wajen goma sha biyar, namijin na gefe kaɗan, ƙaho ya lanƙwasa baya kamar lauje, tsini kamar allura. Baƙon da muka kawo farauta jikinsa har rawa yake, ya riga ya ɗora bindiga kan sanduna. Dattijon da ke bin mana sawu, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, ya dafa kafaɗata a hankali ya ce, yaro, wannan mai gida ne, dubi 'yan maruƙan can. Na duba, ga ƙanana huɗu jajaye suna bin iyayensu. Na ce wa baƙon a'a. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ranar ko abincin dare bai ci da mu ba, don kuɗi ya kashe ba kaɗan ba. Sai kwana na huɗu Baba mai bin sawun ya tsaya kan wani sawu guda ɗaya kusa da inda suke lasar kanwa, ya tsuguna ya ce wannan kofaton ya buɗe, gefensa ya cinye, kuma yana jan ƙafar baya kaɗan. Muka bi shi har rana ta take, muka same shi a inuwar wata bishiya, ƙahon bai kai na farkon ba da kusan tafin hannu, ɗaya tsinin ma a karye, amma gindin nan ya yi kauri ya cushe, ƙugu a waje, fuska duk furfura. Da aka harbe shi na buɗe bakin, haƙoran gaba sun zama 'yan guntaye daf da dasashi, biyu ma babu, turmin farko ya shafe sumul kamar dutsen niƙan da ya gama aiki. Wannan ko an bar shi da wuya ya ga damina biyu, zaki ko kura ko yunwa ne za su ƙarasa shi. Baƙon ya daɗe a tsugune yana shafa gindin ƙahon nan bai ce komai ba.

Haƙori shi ne alƙali, amma sai bayan an harba ake jin hukuncinsa. Duk wanda ya taɓa sayen ragon layya ko ya ga dillali a kara yana buɗe bakin sa ya san abin, ba su da haƙoran gaba a sama, takwas ne a ƙasa, na nono suna faɗuwa bibbiyu daga tsakiya zuwa gefe manyan su maye gurbinsu. To gwanki da 'yan'uwansa haka suke, haƙori 32 in baki ya cika. In ka samu ko da haƙorin nono ɗaya a gefe, yaro aka kashe, ba wata magana. Bayan baki ya cika sai a koma kan cinyewar turame, na farkon shi ya riga fitowa shi yake riga shafewa, ramukan samansa su ɓace, sai na biyu ya bi, sai na uku. Sai dai ƙasa na da tasiri, dabbar da ke kiwo a wuri mai yashi haƙorinta ya fi saurin cinyewa, don haka ma'aunin wani daji ba lallai ya yi daidai a wani ba. In ana son ƙididdiga ta sosai sai a cire haƙori a kai ɗakin bincike, a yanka saiwar siriri a duba a madubin likita, akwai layuka da ke taruwa kamar na cikin kututturen itace, a wurin da ke da rani ɗaya damina ɗaya kamar namu layi ɗaya shekara ɗaya ke nan, a wuraren da ke da damina biyu kamar wasu sassan gabashin Afirka kan iya zama biyu.

Ni ma na taɓa yin kuskuren, kuma har yau yana damuna. Wani kanki ne, da yamma rana ta kusa faɗuwa, yana tsaye shi kaɗai kan suri, na ga ƙaho mai kauri na ce a harba, ban jira ya juya na ga gindin da kyau ba. Da muka isa na danna farce a gindin ƙahon sai ya shiga. Na buɗe baki ga haƙorin nono a gefe. Bai taɓa barbara ba ko sau ɗaya, ni na yanke masa. Tun daga ranar in haske ya yi ƙasa ba na ba da izini, kuma in ina shakka to amsar a'a ce, gobe ma rana ce. A kanki da gwanki akwai ƙarin haɗari ma, don matan su ma suna da ƙaho, na mace ya fi siranta ne kawai, dole ka duba ƙarƙashin ciki ka tabbatar, harbin mace kuwa asara biyu ce, ita da abin da za ta haifa, gwanki ɗa ɗaya take haifa bayan ciki na wajen wata tara.

Sauran kowanne da ɗan sirrinsa. Yamusa in ya tsufa wuya ya yi baƙi ya kumbura, fatar da ke reto a maƙogwaro ta sauko, gashin goshi ya yi tuntu, ƙahon ya dakushe ya gajarta sosai har saurayi ya fi shi tsawo. Namijin dabbar da ake kira kudu, ta kudanci da gabashin Afirka, mai ƙaho kamar murɗaɗɗiyar igiya, sai ya kai wajen shekara shida yake cika murɗa biyu da rabi. Maraya da imfala, saurayi tsinin ƙahonsa ciki yake kallo kamar za su haɗu, in ya manyanta su buɗe su kalli sama. Ɓauna kuwa, ko da yake ba cikin dangin nan take ba, goshi ake dubawa, in tsakiyar ƙahon bai ƙeƙashe ya yi tauri ba, akwai gashi da laushi, to bai kai ba.

Kada kuma in bar ka da tunanin cewa gane shekaru kaɗai ya isa ya tsare daji. Bai isa ba. Dole a yi ƙidaya ta gaskiya, a ba da kason harbi kaɗan, a irin waɗannan dabbobin wajen kashi 2 cikin 100 a shekara ake magana, kuma kuɗin ya isa ga mutanen ƙauyen da ke zaune da dabbobin, kamar yadda Zimbabwe ta gwada da shirin CAMPFIRE daga 1989, Namibiya kuma ta ba al'ummomi iko da dokar 1996. Inda kuɗin ke tsayawa a birni, mutumin ƙauye ba shi da dalilin hana mai tarkon waya, kuma a yankin da na yi aiki abin da ya fi cin dabbobi ke nan, tarko da farautar sata da masu haƙar zinare da shanun da ke kwararowa cikin gandu da rani, waɗannan ba sa tambayar shekarun kowa. Akwai ƙasashen da suka ga gara a hana gaba ɗaya, Kenya ta hana tun 1977, Botswana ta hana a 2014 ta dawo ta buɗe a 2019, muhawarar na nan da ranta kuma kowane ɓangare na da hujja. Ni abin da na tsaya a kai shi ne, in dai za a yi, to wanda ya gama aikinsa za a ɗauka, kuma a hukunta jagoran da ya sa aka harbi ƙaramar dabba ta hanyar rage masa kason baɗi, kamar yadda aka yi wa farautar zaki a Niyasa ta Mozambik, inda ake son namiji ya kai shekara 6.

A Najeriya kuwa maganar harbi ba ta ma taso ba. Gwanki da kanki da gwambazan da suka rage a Yankari da Gashaka Gumti da Kainji ba su kai a ɗauki ko ɗaya ba, kuma doka ta hana farauta a cikinsu. Yadda mariri ya ƙare ƙaf a dajin Nijar da Chadi har aka ayyana babu shi a daji a 2000, sai da aka dawo da shi Chadi daga 2016 daga waɗanda aka kiwata a killace, ya isa ya sa mu yi hattara da ɗan abin da ya rage mana. Amma ilimin gane shekarun yana da amfani ko ba bindiga, domin ma'aikacin gandu in ya kalli garke ya ga mata goma ba ɗan maraƙi ko ɗaya, ko ya ga maza duk samari ba magidanci, ya san akwai abin da ke faruwa a wannan dajin tun kafin lissafi ya nuna.

In kana son ka koya da gaske, kada ka fara da daji, fara da kara. Je ranar kasuwa ka tsaya nesa da sa, ka kalli wuya da ƙugu da gindin ƙaho, ka faɗi shekarunsa a zuciyarka, sannan ka roƙi dillali ya buɗe maka bakin ka ga ko ka dace. Ka yi haka da sa hamsin, ido zai fara faɗa maka gaskiya. Daga nan in ka samu zuwa Yankari da rani, wajen Fabrairu zuwa Afrilu lokacin da dabbobi ke taruwa a bakin kogin Gaji, ka tafi da madubin hangen nesa da ɗan littafi, duk namijin gwambazan da ka gani ka sa yatsa ka rufe ƙahon, ka rubuta abin da jikin ya ce maka, sannan ka ɗaga yatsan ka duba gindin.